Fayil ɗin da Kawu Ya Bari Ba Tushe

Daga Allah muke, kuma hanyar komawa ɗaya ce, sai dai wani ya riga wani. Kawu ya riga mu da hantsin wata Alhamis, bayan ya sha rabin kofin kunu ya ce a buɗe masa taga. Kafin azahar an kai shi makwancinsa. Kafin la'asar tabarmin ƙofar gida sun kasa ɗaukar mutane, sai da aka aro na masallacin unguwa.

Ina ciki wajen mata, kusa da Inna, matarsa. Katangar gidan gajera ce, maganar maza tana tsallakowa, sai na ji kamar ba mutum ɗaya aka rasa ba. Wani tsohon mahauci yana jimamin mai gyaran rediyonsa. Wani abokin aikinsa na dā yana ba da labarin zamanin da suke hawa duwatsu tare suna gyaran na'urorin sadarwa. Masu kabu-kabu sun zo a jere, suka ce bai taɓa mayar musu da waya da cewa ta mutu ba, sai ya buɗe ya nuna musu inda ta mutu. 'Ya'yansa maza biyu da ke bida, neman na kansu, a Abijan suna ta bugowa, murya na yankewa, Inna na cewa su yi haƙuri cikin wayar da ta riga ta katse.

Wata maƙwabciya ta matso ta tambaye ta a hankali, "Wai ni Inna, a ƙarshen nan, mi ne ne aikin Malam? Kullum shina ɗaki."

Inna ta goge ido da bakin mayafi. "Ruwa yake ba mutane. Ta yaya, sai ki tambayi ɗiyar ƙanwarsa."

Ɗiyar ƙanwarsa ni ce.

A rana ta biyu aka ce wani baƙo yana son ganina a zaure. Tsoho ne dogo mai farin rawani, shugaban kwamitin rijiya na wani ƙauye gaba da Takanamat. Na durƙusa muka gaisa, ya yi addu'a mai tsawo.

"Ke ce ɗiyar da ke zama da shi wurin allunan ga?"

"Ni ce, Baba."

"Gaisuwa ta kawo ni, ba wata magana ba." Ya gyara riƙon sandarsa. "Amma akwatinmu, wa za shi riƙa dubawa?"

A rana ta uku saƙo ya shigo wayata cikin Faransanci, daga wata mata, abokiyar aikin Kawu, a wata ƙasa mai sanyi, wadda ban taɓa gani ba amma na san rubutunta kamar muryar maƙwabciya. Ta yi ta'aziyya mai kyau. A ƙasa ta ƙara, da neman afuwa, cewa akwai fayil ɗin ƙarshe da Kawu ya saka a ma'ajiya da alkawarin tushensa yana tafe, tushen kuma bai zo ba. Nan da mako shida za a fitar da sabon zubin manhaja. Idan ba a sami tushen ba, ƙa'ida ta ce a cire fayil ɗin.

Tambayar tsoho da saƙon matar nan magana ɗaya ce, sai dai dole in yi bayani ga wanda bai taɓa shiga ɗakin Kawu ba.

A ƙauyukan arewacin Adar akwai rijiyoyin foraj, wato burtsatse, masu famfon hasken rana. Tsakanin farantan rana da famfo akwai akwatin ƙarfe, a cikinsa wani koren allo da bai fi tafin hannu ba. Allon ne ke cewa famfo ya tashi, shi ke cewa ya huta. Yana yin haka ne da wata 'yar manhaja da ake ɗura masa a ƙwaƙwalwa. Manhajar ba ta kamfani ba ce. Masu sa kai ne daga ƙasashe daban-daban suke rubuta ta a fili, kowa yana iya karantawa, kowa yana iya kawo gyara. Rubutun da mutum ke iya karantawa shi ake kira tushe. Allo ba ya fahimtar tushe, sai kwamfuta ta sarrafa shi ta mayar da shi fayil ɗin da allo ke ganewa, wannan aikin kuma shi ake kira gini. Gini yana cin lokaci, shi ya sa ake ajiye ginannun fayiloli a ma'ajiya, mai gwaji ya ɗauka kai tsaye.

Allunan da ke rijiyoyinmu tsohon yayi ne. Can ƙasashen waje ba wanda ya rage da su. A teburin Kawu kaɗai, a nan Tawa, ake gwada kowane sabon gyara a kansu kafin a sake shi. Idan aka cire fayil ɗinsa, tsohon allo ya fita daga jerin gwaji ke nan. Famfunan za su ci gaba da aiki har ranar da wani abu zai lalace, ranar nan kuma ba wanda zai iya taɓa su.

Mutane suna zaton Kawu mai taurin kai ne da ya ƙi sabon abu. Ba haka ba ne. Ya fara koyon wannan aiki da furfura a kansa, yana karanta bayani da gilashi biyu, ɗaya bisa ɗaya. Ginannun fayiloli ma bai ƙi su ba, da su yake aiki kwana shida a mako, don rezon intanet na unguwarmu da wutar garinmu ba sa ba mutum damar yin fankama.

"Hurar kasuwa ce," in ji shi. "Ka sha, ba haramun ba ce. Amma ka san mai damun, ka san inda geron ya hito. Ranar da cikinka ya murɗa, ka san ƙohwar da za ka buga."

Ranar Lahadi ce ta daban. Gari duk ya nufi kasuwa, raƙuma da motocin albasa sun cika hanya, shi kuwa sai ya rufe ƙofar ɗaki ya yi gini daga tushe. Tsohuwar kwamfutarsa tana zaune bisa bulo biyu don iska ta ratsa ta, batirin babbar mota yana gefe saboda ɗaukewar wuta. Awa huɗu take yi tana huci kamar saniya a inuwa. Shi kuma ya hura gawayi ya dafa shayi, na fari da na biyu da na uku, ba ya gaggawa da ko ɗaya.

Idan gini ya ƙare sai a zo wajen hatimi. Kowane fayil yana da wani dogon jerin baƙaƙe da lambobi da kwamfuta ke lissafowa daga cikinsa. Ko ƙwaya ɗaya ta sauya a cikin fayil, jerin duka sai ya sauya. Kawu yana kwatanta hatimin wanda ya gina da na wanda ke ma'ajiya. Sun yi daidai, to furar kasuwa daga geron da aka ce take.

"Karanta, injiniya," haka yake ce mini tun ina lakwal, makarantar boko, tun ban san ma'anar kalmar ba. Ina karantawa daga fuskar kwamfuta, shi yana bi da yatsa a littafinsa mai baƙin bango. Bayan nan ya yanki farar takarda mai danƙo, ya rubuta baƙaƙe takwas na farko, ya manna a bayan allo.

Inna takan dawo daga kasuwa ta leƙo. "Malam, kowa ya tahi ya dawo da abin miya. Kai ka wuni ka samo baƙi takwas."

"Albasar ga da kinka sawo, ta ina ce?"

"Ta wurin mutumina ce mana. Ni ba ni saye wurin wanda ban sani ba."

"To ashe ke ma kina duba hatimi."

"Ni da hanci nike duba nawa, ba ni ɓata gawayi."

Yana da wasu ɗabi'u da har yanzu nake tsintar kaina a ciki. Ba ya taɓa allo sai ya fara taɓa ƙarfen taga. Ba ya cewa abu ya gyaru, sai dai ya ce yau ya yi aiki. Wasiƙunsa ga masu sa kai kuwa, ko kan ɗigo ɗaya ne, sai ya buɗe su da tambayar lafiyar iyali da yanayin sanyi, cikin Faransancin mutanen dā mai rawani da babbar riga. Da farko sun yi mamaki. Daga baya na ga wani saurayi daga wani tsibiri mai nisa ya fara wasiƙarsa da tambayar ya zafin Tawa.

Sau ɗaya muka yi faɗa, kuma ni ce da laifi.

Na dawo daga jami'a a Yamai kaina cike da sauri. Na rubuta wani ɗan umarni da ke ɗauko ginannen fayil da kansa, ya ɗura wa allo, ya yi gwaji, ya ba da sakamako. Saboda rezo, na sa ya riƙa ajiye kwafi a gida don kada ya sake saukewa kullum. Aikin wuni ya koma na tsawon shayi ɗaya. Kawu ya duba ya ce da kyau. A lokacin ne aka yi masa aikin yanar ido, likita ya hana shi kallon haske na makonni, ya bar mini teburin.

Lahadin farko na yi gini. Ta biyu ƙawata ta yi suna. Ta uku na ce ai ba abin da ya taɓa saɓawa. Sabbin gyare-gyare suna zuwa, ina gwadawa, kullum sakamako lafiya, ina aika wa duniya cewa tsohon allo ya amince. Ban san cewa umarnina, da ya ga fayil mai suna iri ɗaya a gida, ya daina ɗauko sabo ba. Tsohon fayil guda nake ta gwadawa, yana ta ce mini lafiya lau, don shi dai lafiyarsa lau. Sabon kuwa akwai aibi a cikinsa. Aka sake shi bisa shaidata, aka ɗura shi a wata rijiya kusa da Barmu, famfo ya tsaya. Kwana uku mata suna kora jakuna zuwa tsohuwar rijiya mai guga.

Kawu ya shigo ɗakin da auduga a ido ɗaya. Bai tambaye ni komai ba. Ya buɗe littafi ya ce, "Karanta."

Ban kai baƙi na biyar ba ya rufe littafin.

"Wanga na watan jiya ne."

Kunya ce ta koma mini fushi. Na ce kuskure ne ƙarami cikin rubutuna, layi ɗaya zai gyara shi. Na ce duniya duka da ginannu take aiki, ba wanda ke zama yana jiran tsohuwar kwamfuta kamar mai jiran damina.

"Ban ce ki bar gudu ba, ɗiyata. Cewa na yi ki riƙa waiwaye ranar Lahadi."

"Kai dai Kawu ba ka yarda da kowa ba sai hannunka."

Ya ɗaga hannun ya dube shi da idonsa ɗaya. "Wanga? Shi na hi tuhuma. Don shi nike rubutu."

Na ɗauki mayafina na fita. Kwana goma ban taka gidan ba. Mama, ƙanwarsa, ta ƙi shiga tsakani. Ta ce ita tun suna yara ta daina gardama da shi, ranar da ya kwance fitilar mahaifinsu don ya ga inda hasken yake kwana.

Daga baya na ji abin da ya yi cikin kwanakin nan. Ya hau motar Barmu da idon da ba a cire wa auduga ba, ya mayar da famfon aiki, ya ce wa mutanen garin kuskuren daga teburinsa ne. Ya rubuta wa masu sa kai abin da ya faru dalla-dalla, ba sunana ko ɗaya a ciki. A ƙarshen wasiƙar ya kawo shawara: duk ginannen fayil da za a ajiye a ma'ajiya, a ajiye tushensa kusa da shi, yadda kowa zai iya sake ginawa ya sami hatimi iri ɗaya. Wanda ba shi da tushe, a cire shi a zubi na gaba, ko na wane ne. An yi ta gardama. Wasu suka ce nauyi ne a kan masu aikin sa kai. Kawu ya ci gaba da amsa musu ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar lafiyar iyalansu, har suka gaji suka yarda. Ƙa'idar da matar nan ta ambata a saƙonta, tasa ce.

A rana ta goma sha ɗaya ya zo gidanmu da kansa. Ya gaisa da Mama, ya sha ruwa, sannan ya ciro wani allo naɗe cikin ƙyalle ya ajiye a gabana.

"Wanga ya ƙi yi mini magana. Ko ke za ya saurara?"

Allon lafiyarsa ƙalau. Na sani, ya san na sani. Na bi shi muka koma. A kwamfuta na tarar bai goge umarnina ba. Layi biyu ya ƙara masa, na duba hatimi kafin gwaji, ya bar sunana a sama yadda na rubuta. Har yau da shi ake aiki.

A bazarar da ta wuce ina Yamai wajen wata jarrabawa lokacin da tsohon nan mai farin rawani ya bugo masa waya. Famfonsu yana tsayawa da tsakar rana, daidai lokacin da garke ke sauka. Kawu ya ɗauki ƙaramar kwamfutarsa ta tafiya ya shiga motar ƙauye. Kwana biyu ya yi. A can ya gano matsalar, a can ya gyara tushe, ya yi gini, ya ɗura wa allo. A hanyar dawowa ƙaramar kwamfutar ta mutu, zafi da girgizar hanya suka gama da ita. Ginannen fayil ɗin ne kaɗai ya tsira, a cikin ɗan kile, ma'ajiyar nan ta USB, da ke aljihunsa. Da yake wasu rijiyoyin ma suna fama da matsala iri ɗaya, ya saka shi a ma'ajiya da gaggawa, ya rubuta a ƙasa cewa tushe yana tafe. A makon nan ya kwanta. Da na dawo na tarar da shi ya rame, ban yi masa maganar allo ba, shi ma bai yi mini ba. Ina ganin kowannenmu yana jira ɗayan ya ga ya sami sauƙi.

Bayan sadakar bakwai na shiga ɗakin. Na bincike tsohuwar kwamfuta, ba gyaran a cikinta. A littafi ba komai sai hatimin fayil ɗin, da rubutun da ya fara karkata. Na kai ƙaramar kwamfutar wajen masu gyara biyu, kowa ya girgiza kai. Mako huɗu suka tafi haka.

Sai matar nan ta sake rubutowa. Ta ce sun tattauna, kowa ya amince a bar fayil ɗin yadda yake, ba tare da tushe ba, don girmama shi. Kalma ɗaya suke jira daga gare ni.

Ba zan ɓoye ba, na so in ce to. Shi ne abu na ƙarshe da hannunsa ya gina. Na zauna ina kallon sunan fayil ɗin kamar mai kallon takalmin da aka bari a bakin ƙofa. Amma na san abin da to ɗin take nufi: fayil ɗin zai zauna kamar ƙulli a bakin zane, ba mai iya kwancewa, duk gyaran da za a yi nan gaba zai wuce rijiyoyinmu. Kuma ƙa'idar da ya sha wahala a kanta za ta fara karyewa ne a kan sunansa.

Inna ta same ni a haka. Tana cikin takaba, ba ta cika barin ɗakinta ba. Na gaya mata komai, gwargwadon yadda zan iya.

"Kin ce bai rubuta ba?"

"Ban gani ba, Inna."

"Taho." Ta ja ni zuwa madafa, ta nuna mini bango bayan tukunyar gas. Rubutun fensir ne ƙanana a jere, ranakun da ya sauya tiyo. Ta nuna bayan ƙofa, ranar da ya zuba wa makulli mai. "Mutumin da ya ɓata mini bango haka, shi za ya taɓa ruwan gari guda bai yi rubutu ba? Ba ki duba inda ya zauna ba dai."

Washegari na shiga motar Takanamat. Daga can mai babur ya ƙarasa da ni. Ƙasar ta bushe, duwatsu baƙaƙe, ƙayoyi sun tsaya kamar masu jiran labari. Tun daga nesa na hango tankin ruwa bisa dogayen ƙafafunsa, da jerin jarkoki masu ruwan ɗorawa, da raƙuma suna miƙa wuya.

Tsoho ya tarbe ni kamar ya san zan zo. Bai bar ni na taɓa akwati ba sai da na sha ruwan rijiyar.

"Nan ya zauna," ya ce, yana nuna wata rumfar zana da ta lulluɓe akwatin. "Shi ya sa munka yi rumhwar ga. Ya ce ƙarhe ma ɗan Adam ne, ba ya son rana a ka. Tun hantsi shina danne-danne har la'asar. Munka ce ya ci abinci, ya ce sai famfo ya ci."

Ya ciro makulli daga wuyansa ya buɗe. Zafi ya bugi fuskata. Ga koren allo, ga farar takarda da baƙaƙe takwas. A cikin murfin kuwa, daga sama, layi uku na fensir. Iyakar zafin da allo ke jurewa kafin ya tsayar da famfo, ya ɗaga ta daga lamba kaza zuwa kaza. Jiran da yake yi kafin ya sake tashi, ya tsawaita shi. Layi na uku sunan wurin da aka yi gyaran ne a cikin tushe. A ƙasa ya ƙara: a kwafe a gida.

Na ɗauki hoto sau uku, sannan na kwafe da hannu don ban yarda da wayar ba. Wata tsohuwa da ke cika salka ta tambayi tsoho wani abu da Tamashek, ya amsa mata. Ta kama hannuna da nata mai sanyin ruwa ta ce, "Tanammirt." Ban san ko ni take yi wa godiyar ba ko shi.

"Baba," na ce, "tambayar da ka yi mini a zaure. Ban kai shi ba, amma zan riƙa dubawa."

"Shi ma ranar da ya hwara zuwa bai kai kansa ba. Akwatin ga ya buɗe ta baya."

Lahadin da ta biyo na rufe ƙofar ɗaki. Na saka layukan fensir a cikin tushe, na sa tsohuwar kwamfuta gini, don kayan gini iri ɗaya ya zuba mata da ƙaramar. Awa huɗu. Hatimi ya fito, bai yi kama da na littafi ba ko a baƙin farko.

Na ƙirga kwanaki. Sauran mako guda a fitar da zubi. Ko akwai layi na huɗu da bai rubuta ba? Da na natsu sai na jera fayilolin biyu, nasa da nawa, na sa kwamfuta ta nuna mini inda suka saɓa. Tun daga farko har ƙarshe iri ɗaya ne, sai wuri guda, 'yan baƙaƙe kaɗan. Na duba da kyau. Ashe manhajar tana rubuta ranar da aka gina ta a cikin kanta. Nawa yana ɗauke da ranar Lahadin nan. Nasa yana ɗauke da wata Talata ta bazara.

Hanya ɗaya ce ta tabbatarwa. Washegari da hantsi na buɗe agogon kwamfuta na mayar da shi baya, mako bayan mako, na wuce ranar sadakar bakwai, na wuce Alhamis ɗin nan, na wuce kwanakin jinya, har na tsaya a Talatar. Sannan na sa gini.

Ban taɓa yin awa huɗu irin waɗannan ba. A cikin ɗakin, a wurin wannan tsohuwar na'ura, Kawu bai kwanta ba tukuna. Yana can ƙarƙashin rumfar zana, gilashi biyu a hanci, yana ƙin cin abinci. Na hura gawayi na dafa shayi, ya yi ɗaci, na sha haka nan. A waje masu tallar ruwa suna wucewa, yara suna dawowa daga lakwal, duk a wata rana daban.

Gab da azahar huci ya tsaya. Na buɗe littafi na karanta da ƙarfi, yatsana yana bin rubutunsa mai karkata. Baƙi na fari, na biyu, na takwas, har na ƙarshe. Ba inda suka saɓa.

Na aika tushen ta wayata, tare da bayanin ranar da za a sa wa agogo idan ana son a maimaita. Na rubuta wa matar nan cewa mun gode da karamcinsu, amma ba sai an yi wa Kawu rangwame ba. Ta amsa kafin la'asar: ta gina a can, hatimi ya yi daidai, tsohon allo yana nan a jeri.

Agogon dai ban taɓa shi ba. Ina zaune ina kallonsa Inna ta turo ƙofa da kwanon fura.

"Ya yi?"

"Ya yi, Inna."

"To mi kike kallo?"

Na gaya mata abin da na yi wa agogo. Ta ajiye kwanon ta zauna a kujerarsa, abin da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta ƙura wa 'yan lambobin da ke kusurwar fuskar kwamfuta ido, ita da ba ta karanta boko.

"Yanzu a wurin abin ga, Malam shina rijiya?"

"Yana rijiya."

Aka kira salla a masallacin unguwa. Sannan ta dafa gwiwa ta miƙe.

"Maido shi yau, ɗiyata. Gobe ne arba'in, akwai gero da za a surfa."

Na maido shi.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa abin da ya sani da wanda ya manta. Duk maƙogwaron da ya jiƙe a rijiyoyin nan, na mutum da na dabba, Allah ya mayar masa da shi sanyi a kabarinsa. Mu kuma da muka rage, ya ba mu ikon cika alkawuran da suka bari a hanya.